Kveik Ba Ya Son Godiya

Shafi na 14

Masu cewa na bar Sunniva a kan hanya tun shekaranjiya, ku yi haƙuri, ga ta ta iso.

*

Baffa Arnfinn bai ɗago kai ba da motar ta tsaya. Yana zaune a ƙofar ɗakin dahuwar giya na gonar Ospevik yana feƙe ƙotar gatari da wuƙa, karensa kwance a kan takalminsa.

Sunniva ta fito ta tsaya riƙe da murfin mota. Ita ce mai kamfanin giyar da kwalabensa ke kaiwa har Bergen da Kopenhagen, ita ke ba ma'aikata goma sha ɗaya umarni. Amma a gaban yayan mahaifinta sai ta ji ta koma 'yar firamare da ta fasa kofi.

"Baffa."

"Hanya ce ta ɓace miki?"

"Wurinka na zo."

"To. Ni ai na ɗauka a jikin kwalba kawai kike ganina yanzu."

Ta haɗiye maganar. Tun daga gari take shirya yadda za ta faɗa, amma da ta buɗe baki sai abin ya faɗo tsirara.

"Kveik ɗina ya mutu."

Wuƙar ta tsaya a jikin icen.

Kveik shi ne yistin gida, wanda ake gada kamar yadda ake gadon gona. Shi Arnfinn ya ɗibar mata nasa a 'yar kwalbar jam shekara bakwai da suka wuce, lokacin tukunya ɗaya gare ta a garejin mota, tana dafawa da asuba kafin ta tafi aiki. Duk abin da ta gina, a kan abin da ke cikin kwalbar nan ta gina shi.

"Mutuwa kamar yaya?" ya ce.

"Tsami. Tun da muka koma sababbin tankuna wata ƙwaya ta shige shi. Na ciro wanda na adana a firiza, ashe shi ma ya riga ya kamu kafin in adana."

"Ba an ce kin kai wa masu farar riga na ɗakin gwaji ajiya ba?"

"Na kai. Kveik dangi ne guda, Baffa, ka fi ni sani. Su kuma ɗaya suka tsamo a cikin dangin suka ajiye. Na gwada shi. Giyar ba ta da laifi."

"Amma?"

"Ba ta da rai."

Ya yi wani ɗan gurnani, ba ta san ko yarda ce ko dariya ba.

"Eilif, abokin kasuwancina, so yake mu sayi yistin kanti mu zuba, mu bar sunan Ospevik a kwalba. Ya ce babu mai ganewa."

"Ke fa?"

"Ni zan gane. Gara in rufe ƙofa in sallami mutane da in sa sunan gidanmu a kan abin da ba namu ba. Shi ya sa na zo. Na san kana fushi da ni don ina sayar da giyar gado, amma..."

"Wa ya ce miki?"

"Shekara shida ba ka ɗaga wayata."

"Ki sayar wa sarki ma in kin ga dama, ina ruwana." Ya ajiye wuƙar, sai a lokacin ya dube ta. "Ranar da na ba ki kwalbar nan, me na ce miki?"

Ta yi tunani.

"Ka ce kada in gode."

"Sai kika yi me?"

"Ai na ɗauka kara ce. Irin yadda mutum zai ce ba komai."

"Kara? Ni? Tun da kika zo duniya kin taɓa jin na yi wa wani kara?"

Gaskiya ba ta taɓa ji ba.

"Na ce kada ki gode, kika je kika buga godiya a bayan kowace kwalba. Godiya ga Arnfinn Ospevik. Mai kawo wasiƙa ya karanta mini. Fasto ya karanta mini a ƙofar coci, har da sa tabarau."

"Girmama ka na yi!"

"Sallama ta kika yi."

Iska na kaɗa mata gashi a fuska.

"Zauna," ya ce. Ta zauna a kan kututture. "Abin da aka ba ki ya zama naki, shi ake godewa. Kveik ba na kowa ba ne. Karɓa ake yi a mayar. Ki tsima giyarki ta fari, ki kwashe kumfar, ki shanya, ki kawo wa wanda ya ɗibar miki. In nasa ya mutu, naki na nan. In naki ya mutu, nasa na nan. Haka ya rayu a kwarin nan tun ba a gina cocin ba. Wanda ya ce na gode, cewa ya yi mun rabu ke nan."

"Don me ba ka faɗa mini haka ba?"

"Aikin ubanki ne."

"Ina shekara sha ɗaya ya rasu, Baffa."

Tsohon ya kawar da kai ya dubi ruwan tekun da ya shimfiɗu a ƙasan gonar. Can ya ce, "Haka ne."

Ta matso.

"To na ji. Ka ɗibar mini yau, na rantse kumfar farko da kaina zan kawo maka. Kuma ko a mafarki ba zan gode ba."

Ya sa hannu yana sosa kunnen karen.

"Baffa?"

"Babu."

"Me ye babu?"

"Nawa ya mutu tun hunturun da ya biyo bayan zuwanki. Na kwanta asibiti, wuta ta ɗauke, na dawo na tarar da firiza tana wari."

Sai ta ji kamar kututturen ya zame daga ƙarƙashinta.

"Duk shekarun nan ba ka da kveik?"

"Ina jiran a kawo mini."

"Kira ɗaya! Ina da shi tanki-tanki, har zubarwa muke yi!"

"Ba a roƙon abin da ya kamata a kawo."

"To Kirsimeti me kake sha?"

Ya yi tari.

"Giyarki."

"Tawa?"

"Har Volda nake zuwa in saya, inda ba a san fuskata ba. Na ma gwada tayar da shi daga gindin kwalba. Kin tace shi tas, 'yar nema, ko ƙwaya ba ki bari ba."

Dariya ta kufce mata, a tsakiyar dariyar kuka ya shigo. Ta rufe fuska da tafin hannu. Su biyu ke nan a duniya masu kveik ɗin Ospevik, kowa na zaune yana ganin ɗayan ya riƙe.

"Maƙwabta fa?" ta ce.

"Masu dafawa sun ƙare, saura Steinar. Nasa kuwa ƙamshin ayaba yake. Ba namu ba ne."

"Shi ke nan ya tafi."

Arnfinn ya daɗe yana kallon rumbun katakon da ke tsaye a kan duwatsu can gefen gida. Ya miƙe, ya koma ya zauna. Ya sake miƙewa.

"Taso. Kada ki tambaye ni komai."

*

Cikin rumbun akwai sanyi da warin busasshen naman tunkiya. Ya wuce akwatuna, ya wuce tsohuwar ragar kifi, ya tsaya a can ƙurya ya nuna sama da haɓa.

A jikin ƙusa, wani zobe ne na katako mai faɗin gammo. Ƙananan itatuwa ne aka sarƙa cikin juna, babu ƙusa babu igiya, kamar ƙashin bayan kifi da aka lanƙwasa ya ciji wutsiyarsa. Duk jikinsa ɓawo ne ruwan toka.

Sunniva ta taɓa ganin irinsa a gidan tarihi, cikin gilashi: zoben da kakanni ke tsomawa a kumfa su shanya don adana kveik. Wannan kuwa ba a wanke shi ba.

"Na Kaka Oline ne?" ta ce a hankali.

"Ita ta tsoma shi a karo na ƙarshe. A giyar jana'izar kakanki."

"Ai ina 'yar ƙarama lokacin."

"Kina ta kuka wai takalmi ya matse ki."

Ta miƙa hannu, ta fasa. Ɓawon nan kumfar giya ce da ta bushe fiye da shekara ashirin. Hannun kakarta ne ya ɗago shi yana ɗiga, ya rataye shi a nan.

"Me ya hana ka gwada shi tuntuni?"

"Na ce kada ki tambaye ni."

Shi ya sauko da shi, da hannu biyu, kamar mai karɓar jinjiri.

Suka hura wuta a ƙarƙashin ƙaramar tukunyar tagulla. Ya aike ta bayan gida ta saro rassan eine, ɗan itacen nan mai ƙaya da ƙamshi, suka dafa ruwa da su har ya yi launin shayi. Tana da buhun tsiron sha'ir a bayan mota. Suka jiƙa, suka jira, suka tace ruwan zaƙin a ɗan bokitin katako.

Ta zaro ma'aunin zafi daga aljihu. Ya naɗe hannun riga ya tsoma gwiwar hannu.

"Ɗumin madarar da aka tatso yanzu," ya ce.

Ta duba ma'aunin. "Daidai."

"Ke ma daidai."

Ya miƙa mata zoben. Ta nutsa shi a hankali har ruwan ya rufe shi. Ƙura ta taso ta kwanta a sama, shi ke nan.

"Ba za ka yi ihun ba?"

Kowa a kwarin ya san in ana zuba kveik sai an kurma masa ihu, don giya ta yi ƙarfi, masu sha su yi fara'a.

"Ba a yi wa mai barci ihu," ya ce da sauri. "Sai in ya farka."

Suka lulluɓe bokitin da bargon ulu.

Wayarta ta yi ƙara. Eilif.

"Sunni, yistin kanti ya iso. In zuba?"

"Kada ka taɓa."

"Mutane na zaune suna kallona. Kin samo?"

Ta dubi bargon.

"Ban sani ba tukuna."

"Gobe da yamma zan zuba, ko kin dawo ko ba ki dawo ba. Ba zan iya kallon idon ma'aikaciyarmu Marit in ce mata babu aiki ba, tana da ciki."

Ta kashe wayar. Ba ta ga laifinsa ba, abin da ya fi ci mata rai ke nan.

Kafin rana ta faɗi ta ɗaga bargon ya fi a ƙirga. Ruwa kwance, shiru.

"In kika ƙara buɗewa zan kulle ki da tumaki," in ji Arnfinn.

*

Da safe ta same shi a ɗakin dahuwa ya riga ta. Yana tsaye nesa da bokitin, hannu a baya, kofinsa ya huce a kan taga.

"Ka duba?"

"A'a."

"Tsoro kake ji?"

"Ke ce mai digiri, ki duba."

Ta durƙusa. Kafin ta taɓa bargon ta ji shi.

Wani ɗan sauti ne, siriri, kamar yayyafi a kan busasshen ganye.

"Baffa. Yi shiru."

"Ni na yi magana?"

"Zo ka ji."

Ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara. Suka kara kunnuwa a jikin katakon, kai da kai. Bokitin da ɗumi, ɗumin da ba na jiya ba, nasa ne na kansa.

Ta yaye bargon.

Kumfa ce ta cika bokitin har baki, mai kauri, fara da ɗigon ruwan ƙasa, tana motsi. Tana kumbura a nan ta lotsa a can, kamar ƙirjin mai numfashi. Zoben ya taso yana juyawa a hankali a tsakiyarta, ba mai taɓa shi.

Sunniva ta san sunan abin da take gani. Ta yi shekaru tana leƙa shi a madubin gwaji, tana iya zana yadda ƙwaya ke tsaga ta zama biyu. Sanin bai rage komai ba. Waɗannan sun kwanta tun tana kukan takalmi. Sun kwana a ƙusa cikin duhu, sanyi ya zo ya wuce, zafi ya zo ya wuce, aka binne kakarta, aka binne mahaifinta, ta yi makaranta, ta gina kamfani, ta kusa rasa shi. Jiya aka ba su ruwan ɗumi da ɗan zaƙi, suka tashi suka ci gaba daga inda suka tsaya.

Sai ƙamshin ya iso.

Ɓawon lemo. A ƙarƙashinsa wani abu kamar madara da aka ƙona da sukari. Nata kveik ɗin yana da wannan ƙamshin, amma kamar muryar mutum ta waya. Wannan shi ne mutumin ya shigo ɗaki.

Arnfinn ya cire hularsa.

"Haka gidan nan yake ƙamshi muna yara," ya ce. "Inna tana can, ubanki yana nan yana satar kumfa da yatsa."

Ya sa yatsa ya lakato, ya kai baki, ya rufe ido. Hawaye ya bi ta cikin gemunsa bai share ba.

"Babu tsami?" ta ce.

"Ɗanɗana."

Ta ɗanɗana. Babu.

Ta buɗe baki, kalmar godiya ta zo har bakin haƙora. Ya ɗaga mata yatsa.

"Kul."

Ta rufe bakin da hannu biyu, suka fashe da dariya kamar yara a coci.

"Tashi, tashi!" ya ce, ya miƙe kamar ba shi ne mai ciwon gwiwa ba. "Bokiti ba zai ishe su ba, yunwa suke ji. Babbar tukunya! Saro eine, da yawa!"

Ba ta taɓa ganinsa haka ba. Yana waƙa yana faskare. Ya kira karen da sunan mahaifinta sau biyu bai lura ba. Kafin rana ta raba tsaka sun cika babbar gangar katako da ruwan zaƙi, sun jawo ta bakin ƙofa don ta huce.

Ya tsoma gwiwar hannu. Ya gyaɗa kai. Ya ɗora mata bokitin a hannu.

"Zuba. Ki yi ihun."

"Kai dai ka yi."

"Huhuna ya tsufa. A kamfaninki wa ke yi?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ina yi. In ma'aikata sun tafi cin abinci. A hankali."

"A hankali! Shi ya sa ya mutu, kunya ce ta kashe shi. Yi!"

Ta karkata bokitin, kumfar ta fara gangarawa.

"Huu," ta ce.

"Wannan tunkiya ce ke atishawa? Jikar Oline ce ke ko baƙuwa? Daga ciki!"

Ta ja numfashi. Ƙamshin lemon ya cika mata ƙirji. Ta saki.

Ita kanta ba ta san tana da irin wannan muryar ba. Ihun ya fita ta ƙofa, ya gangara gona, ya hau kan ruwa. Karen ya zabura. Tsuntsaye suka tashi daga rufin rumbu. Dutsen da ke tsallake ya karɓa ya maido, na bayansa ya karɓa ya maido, har sautin ya yi siriri ya ɓace.

Ta tsaya tana haki, bokiti babu komai.

"Haka!" Arnfinn ya buga cinya. "Haka ake..."

Sai wani ihun ya taso daga tsallaken ruwa.

Ba dutse ba ne. Dutse ya gama nasa. Wannan murya ce ta tsohuwa, mai kaifi, ta yi sama ta karye a ƙarshe.

Fuskar Arnfinn ta koma kamar toka.

"Na manta," ya ce. "Wayyo ni. Na manta ruwa na kai murya."

"Wace ce?"

"Borghild."

Gwaggo Borghild, babbar yayarsu shi da mahaifinta, mai farin gidan da ke tsallake. Tun da aka raba gado gonar ta faɗa hannun Arnfinn, ba ta sake taka Ospevik ba, ko gaisuwa ba sa yi.

"To mene ne in ta ji?"

"Ta san ba ni da kveik, duk kwarin nan an sani. In aka yi ihu a gidan nan, abu ɗaya aka taɓa."

Sunniva ta dubi zoben da ke ɗiga a kan benci.

"Baffa. Zoben nan na waye?"

"Ni gona aka bar mini." Ya nuna tsallake da haɓa. "Ita zobe. Ta ce a bar shi a ƙusar da Inna ta rataye shi, ranar da na taɓa shi za ta zo ta karɓi abinta, da duk abin da ya fito daga jikinsa."

A bayansu gangar ta fara ɗan sautin nan na yayyafi.

Daga tsallake kuma, injin kwalekwale ya yi tari sau biyu, ya kama.